Jadawalin Ba-Uzuri

Shafi na 17

Masu cika min waya tun da safe da "ina ci gaba, ina ci gaba", duk na gani. Ni ma fa mutum ce, ina da wanki ina da girki. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto kina rantsuwa wai Auta ba ta da laifi ko na ƙwayar zarra, karanta na yau tukuna, sai mu yi magana.

*

Auta na durƙushe tana laluben takalminta ɗaya a ƙarƙashin gado aka turo ƙofa ba sallama.

Matar yayanta ce. Kumfar sabulu ta bushe mata har gwiwar hannu, gaban zaninta jiƙe sharkaf. Shekara goma sha huɗu da aurenta da Yaya, Auta ba ta taɓa ganin ta fito titi a haka ba, don mace ce da ko shara za ta kai waje sai ta leƙa madubi.

"Anti, lafiya? Ina yara?"

"Yara na makaranta. Karanta min wannan."

Takarda ce mai ninki huɗu, gefe ɗaya ya sha ruwa, tawadar ta ɗan bazu.

"A aljihun wandonsa na same ta. Saura kaɗan in dirje ta da sabulu, da shi ke nan ban san wainar da ake toyawa ba."

Auta ta buɗe. Tambarin kamfaninsu ne a sama, kamfanin ajiya da rarraba kaya inda ita da Yaya suke aiki. GARGAƊI NA ƘARSHE, zuwa ga direban motar ɗaga kaya mai lamba bakwai. Idan aka ƙara samun sa da laifi cikin kwana goma sha huɗu, kamfani zai sallame shi. Layukan tsakiya ruwa ya cinye su. Amma na ƙasa yana nan raɗau, sunanta ne cikakke, da muƙaminta na mai tsara jadawalin aiki.

"Ban yi boko mai zurfi ba," in ji matar Yaya, "amma wannan sunan ko a duhu na san shi. Ni na riƙa rubuta miki shi a bangon littattafanki lokacin da kike zaune a gidana."

"Anti, wallahi ba ni na rubuta ba."

"To aljani ne?"

"Ba-Uzuri ne."

Ga waɗanda suka shigo mana a tsakiya: Ba-Uzuri ba mutum ba ne, ba kuma irin mutum-mutumin ƙarfen nan mai hannu da ƙafa ba ne. Manhaja ce da kamfani ya sayo, tana zaune cikin kwamfuta tana yin aikin da Auta ta shekara shida tana yi, wato raba wa ma'aikata ranakun aiki, da duba wanda ya zo da wanda ya yi fashi, da rubuta takardar gargaɗi. Leburori ne suka laƙaba masa sunan, don tunda ya kama aiki ba wanda ya kai uzuri aka karɓa.

"Inji ne ya san sunanki?"

"Da sunana yake shiga kwamfutar, da lambar sirrina. Sun ce kafin a buɗe masa tasa ƙofar sai an ɗauki wata biyu, shi ne suka ce ya yi amfani da tawa. Duk abin da ya rubuta sunana ke fita."

"Wa ya ba shi lambar?"

"Ni."

"Wa ya koya masa aikin?"

Auta ta mayar da ido kan takardar.

"Tambayarki nake."

"Ni ce. Kwana goma yana kallon yadda nake yi."

"To ni ban ga inji a nan ba. Ke na gani."

Maganar ta soki Auta, ta zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa.

Shekara biyu ke nan ƙodar Yaya ta gaza. Duk Litinin da Alhamis sai ya kwanta awa huɗu a asibiti an yi masa wankin ƙoda, in ba haka ba jikinsa ya cika da ruwa, numfashi ya gagara. Kamfani bai sani ba. Da sun sani, ba mai ƙara miƙa masa makullin mota, kuma aikin nan shi ke riƙe da gidansa da jinyar gaba ɗaya. Auta ce ta rufa asirin. Shekara biyu tana karkata jadawali a hankali, ko dai hutunsa ya faɗa waɗannan ranakun, ko a ba shi aikin yamma. Ba ta taɓa jin ta yi masa alfarma ba. Mutumin da ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, ya kai ta makaranta, ya yi ta sintiri a ƙofar ofis har aka ɗauke ta aiki, wace alfarma za ta yi masa?

Sati uku da suka wuce aka ɗauke ta daga teburin, aka mayar da ita ɗakin ƙasa tana ɗaukar hoton tsofaffin takardu. Jadawali ya fita daga hannunta, ko kallon sa ba ta da izinin yi.

"Na tambaye shi fa, Anti. Har gida na zo na tambaye shi, kina kicin. Ya ce sun shirya da abokin aikinsa Dogo, suna musayar ranaku. Ya ce in riƙe kujerata kawai."

"Kika yarda."

"Na yarda."

"Yau kika san yayanki? Mutumin da ko ƙaya ta soke shi sai ya ce takalmi ne ya matse shi?"

Gaskiyarta. Ni dai a nawa ganin, Auta ta yarda ne don tana son ta yarda. Wanda ke tsoron amsa ba ya maimaita tambaya.

Matar Yaya ta goge hannunta a zani, ta karɓe takardar ta kalle ta, sai kuma ta mayar mata.

"Yau Alhamis. Tun ƙarfe shida ya ɗauki jakarsa da bargonsa ya fita. Zan sauya kaya in bi shi asibitin, in zauna a gefen gadon, tunda allura na hannunsa ba inda zai gudu, ya faɗa min tun yaushe ya fara ɓoye min takarda. Ke kuma ki je ki cire sunanki daga kan wannan abin."

"Anti..."

"Ki cire, ko ki nemi wata Antin."

Ta fita ta bar ƙofar a buɗe.

*

Ba ta bi ta ɗakin ƙasa ba. Kai tsaye ta hau bene, ta shiga tsohon ofishinsu.

Da tebur shida ne a ɗakin, da hayaniya, da ƙanshin turaren wannan da faɗan waccan a kan wa ya ɗauke mata biro. Yanzu an kwashe huɗu, sai sawun ƙafafunsu a kan leda. Teburinta na nan a jikin taga. Kujerar ba kowa, amma kwamfutar a kunne take, 'yar kibiyar nan ta allo tana yawo ita kaɗai, tana buɗe shafi tana rufewa, tana cike gurabe da saurin da ido ba ya iya bi. A saman allon an rubuta sunanta, wai ita ce ke aiki.

A ɗaya teburin Injiniya ne, wanda kamfanin manhajar ya turo ya kula da Ba-Uzuri. Dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya, kullum shayinsa sai ya huce kafin ya tuna da shi.

"A'a, malamarmu. Kin zo duba ɗalibinki?"

"Ina Manaja?"

Ya kalli fuskarta, ya ajiye wasan. "Yana ciki."

"Ka taso, da kai za a yi."

Manaja na tsaye yana waya da hedikwata, "to ranka ya daɗe, to ranka ya daɗe" kawai ake ji. Da ya ajiye ya share goshi, sannan ya ga takardar da ta shimfiɗa masa a tebur.

"Yallaɓai, wannan ta yayana ce."

"Na sani. Na ga ta fita jiya."

"Ka gani, ba ka kira ni ba?"

"In kira ki in ce me? Jiya takarda goma sha ɗaya ta fita. Kowa a cikinsu yayan wani ne."

"Ina roƙon a janye ta. Fashin da ya yi akwai dalili."

Manaja ya ja kujera ya zauna, ya nuna mata ɗaya, ba ta zauna ba.

"Ki saurare ni. Da can in kin shigo kin ce a yafe wa wane, in ce je ki yage takardar, magana ta mutu a ɗakin nan. Yanzu in na taɓa gargaɗi ɗaya, kafin in ɗauke yatsana an gani a hedikwata. Sai na rubuta dalili, in sa sunana. Wata biyu da suka wuce manajoji tara ne mu, yanzu mu biyar ne. Kin gane? To faɗa min dalilin da zan rubuta."

Wayarta ta yi gurnani a cikin jaka. Ba ta kula ba.

Shekara biyu tana riƙe da maganar nan a ciki. Ta kalli Manaja, ta kalli Injiniya da ke tsaye a bakin ƙofa da kwamfutarsa a hammata, ta ga ba wata hanya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ba shi da lafiya, Yallaɓai. Ƙoda ce. Ana yi masa wanki Litinin da Alhamis."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Shekara nawa?"

"Biyu."

Manaja ya cire tabarau ya ajiye a hankali, irin ajiyewar da ta fi jifa tsoratarwa.

"Shekara biyu mutum mai ciwon ƙoda yana ɗaga kaya masu nauyin tan biyu a saman kawunan mutane, a cikin sito na, ni ban sani ba."

"Bai taɓa kayar da ko kwali ɗaya ba. Ka duba."

"Ba shi na tambaye ki ba. Ya aka yi bai taɓa fashi ba a shekara biyun?"

"Ni ke kauce masa ranakun."

"Ke ke kauce masa."

"Eh."

"Shi kaɗai?"

Ta kau da kai gefe.

"Na ce shi kaɗai?"

"Akwai mai shayarwa da ba na sa ta aikin safe. Akwai wanda gwiwarsa ba ta son ɗakin sanyi. Akwai mai kai mahaifiyarsa asibiti duk ƙarshen wata. Aiki bai taɓa tsayawa ba saboda su, Yallaɓai, ko sau ɗaya."

"Su nawa ne?"

"Tara."

"Sunayensu."

"Ba zan faɗa ba."

"Kin san da wa kike magana?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Ba zan faɗa ba."

Wayar ta sake gurnani. Ta danna jakar da gwiwar hannu kamar mai toshe bakin yaro.

Injiniya ne ya yi gyaran murya. Ya shigo ya rufe ƙofa, ya ɗora kwamfutarsa a gefen teburin Manaja.

"Malama, in tambaye ki. Kwana goman da muka ɗauki hoton aikinki, ban ga kin kauce wa kowa rana ba. Na kalli hoton nan ya fi sau ashirin. Layi bayan layi kike bi, kamar ruwan famfo."

"Ana kallo na."

"Shi yayan naki fa, a kwana goman?"

Ta sunkuyar da kai. "Hutun shekararsa na sa masa. Don kada ya shigo jadawalin sam."

"Sauran takwas ɗin?"

"Na ce su yi haƙuri na kwana goma. Na ce musu in an gama ɗauka komai zai koma yadda yake."

Injiniya ya jinjina kai, ba da fushi ba, da wani irin tausayi da ya fi fushin ciwo.

"Sau uku na tambaye ki. Ranar farko, da ranar biyar, da ranar ƙarshe muna tsaye a bakin tagar can. Na ce akwai wani abu da kike yi wanda ba ya cikin takardar ƙa'ida? Kika ce babu."

"Na ce babu."

Ya juyo mata da allon. Wani shafi ne fari fes, da layuka a jere ba komai a cikinsu.

"Kin ga wannan? Gurbin uzuri ne. Duk manhajar da muka kafa tana da shi. Wane ba ya aiki rana kaza, wance ba ta aikin safe, sai a zuba a nan, ya riƙa tsallake su. Fanko na bar shi saboda kin ce babu. Abin nan ba shi da mugunta, ba shi da kirki. Abin da kika nuna masa shi ya ɗauka. Kin nuna masa ke ɗin da ake kallo, ita ce ke zaune a kujerar can yanzu."

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Sati uku tana tsine wa Ba-Uzuri a zuci tare da leburori, tana cewa wane marar imani ne ya ƙera wannan abu. Ashe halinta ne na kwana goma aka kwafe aka ajiye, yake ta maimaita kansa a kan mutane.

Amma ba ta mutu ba tukuna. Ta ɗago.

"Wannan gurbin naka, wa ke ganin abin da ke ciki?"

"Ni, da Manaja."

"Sai wa?"

"Da hedikwata."

"To ka faɗa min tsakaninka da Allah. Ana neman wanda za a rage, mu shida a ofis an bar ni ni kaɗai, ni ma ɗin an tura ni ƙasa. Da na zuba maka sunan mai ƙoda, da mai gwiwa, da mai goyo, na aika wa hedikwata a jere, yau su waye a waje?"

Injiniya ya janye hannunsa daga allon. Ya kalli Manaja, Manaja ya kalli tabaransa.

"Kun gani. In na faɗa a kore su, in na yi shiru a kore su. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago, na yarda. Amma kada wanda ya ce min akwai wata hanya mai kyau da na ƙi bi."

Muryarta ta karye a ƙarshen maganar, haushin kanta ya kama ta, don ta yi alkawari a hanya ba za ta yi kuka a ofishin nan ba.

Manaja ya daɗe yana murza goshi. Ba mugu ba ne, matsoraci ne kawai, kuma a wurin aiki sau da yawa sakamakon ɗaya ne.

"Maganar tuƙi ta ƙare, wannan ki sa a ranki. Ba zan ƙara ba shi mota ba. Amma bari in ga ko za a mayar da shi wurin lissafin kwalaye, ya riƙa zama. Injiniya, buɗe min fayil ɗinsa. Fashi nawa ya yi?"

Injiniya ya danna, ya danna. Ya matso da fuskarsa kusa da allon.

"Ɗaya."

"Ɗaya kamar yaya?" in ji Auta. "Gargaɗin ƙarshe ne fa."

"Fashi ɗaya ne. Litinin ta makon jiya. Wani direba ya zo a madadinsa..."

"Dogo."

"Ya dangwala yatsa a na'urar shiga aiki, manhajar ta ƙi karɓar musayar, tunda ba a koya mata musaya ba. Ta rubuta wa yayanki fashi, ta tura masa gargaɗin farko a waya. Da sunanki."

"To na jiya fa?"

"Na jiya ba na fashi ba ne. Na sanyin aiki ne. Da yana ɗaga kaya talatin a awa. Makon jiya ya koma ashirin da huɗu. Shekaranjiya goma sha tara. Yana yawan tsayawa, minti uku, minti biyar."

Auta ta matso kusa da allon.

"Koma baya. Nuna min Alhamis ɗin makon jiya."

Ya nuna. Koren maki ne, ya shigo bakwai saura kwata, ya tashi ƙarfe uku.

"Litinin ɗin nan da ta wuce."

Kore.

"Ba daidai ba ne. Ranar Litinin da yamma na je gidansa. Yana kwance a doguwar kujera, ya ce min wankin ranar ya gajiyar da shi. Har na ce masa fuskarsa ta kumbura, ya ce barci ne."

"Yatsa ba ya ƙarya, malama. Nasa ne."

"Yau fa?"

Injiniya ya matsar da yatsansa zuwa layin ƙarshe. Alhamis, bakwai saura minti goma sha tara, kore.

"Yana cikin sito yanzu haka," in ji shi a hankali.

Wayar ta yi gurnani karo na uku. Wannan karon ta zazzage jakar a kan teburin Manaja, makulli da biro da katin aiki suka watse, ta ɗauka.

"Anti."

"Tun ɗazu nake kiran ki." Muryar matar Yaya ba faɗa a cikinta yanzu, ta zama siririya kamar ba tata ba. "Ba ya nan. Gadonsa wani ne a kai. Nas ɗin ta ce rabonsu da shi kwana goma. Sun kira shi sau huɗu, ya ce musu ya yi tafiya, a can ake masa. Auta, wace tafiya? Kullum da bargonsa yake fita. Ni ke ninke masa."

"Yana nan, Anti. Yana wurin aiki."

"Aiki?"

"Tun makon jiya aiki yake zuwa."

"Nas ɗin ta ce duk inda yake a kawo shi yanzu. Ta ce yanzu, ba anjima ba. Ta ce zuciya ce ke tsayawa. Kina ji na? Je ki ba shi wayar."

"Kada ki kashe. Ina zuwa."

Ta juya ga Injiniya. Sito ɗin ba ƙaramin wuri ba ne, rumfa huɗu ne da ɗakunan sanyi biyu a can ƙetaren fili, in ba ka san layin da mutum yake ba sai ka yi rabin awa kana nema.

"Ina yake? Motocin ai duk da na'ura a jikinsu."

Ya riga ya buɗe taswirar. Ɗigo-ɗigo ne masu lamba suna yawo tsakanin layuka kamar tururuwa. Ta uku na fita daga rumfar farko. Ta biyar na juyawa. Ta shida, ta Dogo, tana bakin wurin lodi.

"Ga ta bakwai," in ji Manaja, ya ɗora yatsa.

Ɗakin sanyi na biyu, layin ƙarshe, can jikin bango. Sauran ɗigon duk kore ne, wannan rawaya ne, kuma ba ya motsi. A gefensa wasu lambobi na ƙirgawa.

"Mene ne wannan?"

"Lokacin da ta yi a tsaye."

"Nawa?"

"Minti goma sha bakwai."

"Minti goma sha bakwai mutum na tsaye a ɗakin sanyi, abin nan yana gani, bai kira kowa ba?"

"Yana rubutawa," in ji Injiniya, muryarsa ta dushe. "A wurinsa zaman banza ne. Ba wanda ya gaya masa tsayuwa na iya zama wani abu daban."

Manaja ya fizgi oba-oba daga kan caji har igiyar ta faɗo.

"Mota ta bakwai, mota ta bakwai, Manaja ne. Amsa."

Shuuu kawai.

"Ta bakwai, kana ji na?"

Shiru.

"Dogo. Dogo, ajiye abin da ke hannunka, ka ruga ɗakin sanyi na biyu, layin ƙarshe. Abokinka."

"Yallaɓai, in na sauka daga mota zai rubuta min..."

"Ni na ce ka sauka."

A taswira ɗigo na shida ya tsaya cak. Dogo bai saki maɓallin oba-obar ba, sai ga ƙarar takalmansa a kan siminti, da hakinsa, da muryar wani yana tambayar lafiya. Auta ta nufi ƙofa. Ta kama mariƙin ta tsaya tana saurare, wayar na ɗaya hannun a buɗe.

Aka ji ƙarar ƙatuwar ƙofar ɗakin sanyi tana ja. Aka ji Dogo yana kiran Yaya, sau ɗaya, sau biyu. Na ukun bai ƙarasa ba.



"Dogo, yi magana," in ji Manaja.

"Yallaɓai." Numfashinsa kawai ake ji. "Yallaɓai, ƙanwarsa na kusa da kai?"

Manaja ya kalli Auta. "Me ya faru? Faɗi."

"Kada a bari ta sauko tukuna. A turo mota bakin ƙofa. Kuma a nemi matarsa."

Kafin wani ya motsa, murya ta fito daga wayar da ke hannun Auta, ƙarama, a natse, kowa a ɗakin ya ji ta.

"Ba sai an neme ni ba, Dogo. Ina jin ka. Faɗa min."